Alhaji Ba Ya Harbi

Kwanakin baya wasu samari suka yi sallama a ƙofar gidana a Gyallesu, kowa riƙe da waya, wai sun kafa ƙungiyar sa-kai ta masu lura da ƙudajen da ke bin furanni, kuma an ce musu akwai wani tsoho da ya taɓa yin aikin. Ɗaya ya matso ya nuna mini yadda ake yi yanzu: ka ɗauki hoton ƙwaro, ka danna, waya ta karanto maka sunansa. Ya ce, "Ka gani, Baba? Abin ya zama wasan yara." Na ce madalla, Allah ya ƙara basira. Sai na tambaye shi ko wayar tana gaya wa mutum wanda zai damƙa da hannu ya zauna lafiya, da wanda in ya damƙa sai unguwa ta ji muryarsa. Ya dubi wayar, ya dube ni. Na sa aka shimfiɗa musu tabarma. Ban kai rabin labarin ba aka kira magariba, shi ya sa nake rubuta shi, ko sa karanta a wayar tasu.

Sunana Isiyaku, kuma kamun ƙwari na yi har na yi ritaya, a wata ma'aikatar binciken noma da ke bayan gari. Mutanen cikin birnin Zariya ba su taɓa yarda cewa aiki ne ba. In na wuce a kan keke da raga a kafaɗa, sai ka ji ana cewa, "Ga Isiyaku can, gwamnati na biyansa ya kama fara." Ban cika musu ba, don wani lokacin farar ce.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni ba kamu ba ne, ɗinki ne. Ya miƙo mini tsohon gidan sauro, da waya mai kauri, da sandar gora, ya ce in haɗa ragata da kaina, in na sha wuyar ɗinkinta ba zan riƙa jefa ta cikin ƙaya ba. Dole jakar ta yi zurfi, yadda in ka kai wawura ka murɗa wuyan hannu za ta naɗe bakinta da kanta, ta rufe abin da ke ciki. Wannan murɗawar ita ce sana'ar. Na daɗe ina dukan iska a gonar wake, manoma sun jingina da fartanya suna shan kallo kyauta. In an kama, sai kwalbar magani mai auduga a gindi, daga nan sai allura. Ba allurar ɗinki ba, wata siririya ce doguwa da ake kawowa daga waje, kuma akwai inda ake soka ta, a gadon baya, ɗan dama da tsakiya. Ka miƙe ƙafafu, ka buɗe fukafukai, ka jera a akwati mai murfin gilashi, ka sa kafur a kusurwa saboda kiyashi. Malam Garba yakan sa tabarau ya bi layi yana ƙirga ƙafafu. In ya tarar da biyar sai ya ce, "Isiyaku, shida Allah ya ba shi. Ina ka kai ɗayar? Ko miya aka yi da ita a gidanku?"

Masu zuwa wurinmu kuwa ba irin da babu. Manomi zai taho tun daga ƙauye da abu a kwalin ashana, ya ce ga wanda ya cinye masa auduga, ka buɗe ka ga ya murƙushe shi da dutse tukuna don ya huce, sannan yana so ka faɗi sunansa da na ubansa. Wani ya kawo mini kunama a cikin hula. Wani kuma ya zo neman in ba shi ɗan maganin kwalbar nan ya gwada a kan ɓerayen shagonsa. Duk tambayarsu ɗaya ce: me zai kashe shi? Na yi shekaru kafin in ji wanda ya tambaye ni me zai raya shi.

A wurin Malam Garba na san ƙwaron da ya zama abokin tafiyata. Kun san shi: ƙaton nan mai kaurin babban yatsa, mai ƙugi kamar babur, wanda ke huda gwangwala da busasshen itace ya bar gari a ƙasa kamar dusa. A birni buzuzu ake ce masa, ana haɗa shi da mai mirgina kashin shanu, kuma wannan ƙazafi ne da na gaji da wanke shi. Dangin ƙudan zuma ne. Turawa kafinta suke ce masa, ni ma haka nake kiransa. Ba ya tara zuma, ba ya zaman amya. Rami ake haƙawa a cikin itace, a raba shi ɗaki-ɗaki, a dunƙula garin fure kamar fura a ajiye wa kowane ɗa nasa, a toshe. In ka kara kunne a jikin gwangwala ka ɗan ƙwanƙwasa, za ka ji ko da masu gida a ciki. Garin furen nan da yake kwasa a jikinsa daga wannan fure zuwa wancan, shi ke sa soso da kabewa da gauta su zuba 'ya'ya. Amma je ka gaya wa mai rumfa haka. Shi rami yake gani, sai ya ɗura kananzir ya cusa tsumma.

Kala huɗu ake gani a wajenmu, a ido dai. Akwai baƙi wuluk. Akwai baƙi mai rawaya a kafaɗa, kamar ya yafa gyale. Akwai baƙi mai farin gashi a kwiɓi, wanda Malam Garba ya ce da yana yaro ko'ina akwai shi, amma a zamanina sai mu yi damina guda ba mu sa shi a raga ba. Sai kuma rawaya gaba ɗaya, tun daga kai har gindi, mai taushi kamar karammiski. Ku riƙe huɗun nan, don a kansu aka kusa kai ruwa rana a Limancin Kona.

Shekarar da ta fi ba mu kashi ita ce ta tsuke bakin aljihu. Motar fita daji aka ɗora ta a kan duwatsu, kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai. Allura ta ƙare, na koma ciro ƙayar aduwa ina fiƙewa. Abin da ake kafa allurar a kai ya ƙare, na koma fere totuwar kara. Malam Garba ya riga ya yi ritaya. Daktan da ke shugabantar sashenmu ya kira ni ya ce aikin neman mai farin kwiɓi sai dai a rufe shi, tunda ba mai, ba taya. Yana faɗa yana kallon taga, don shi ma abin ya ci masa rai. Na fito raina a ɓace, na hau keke na shiga birni ta Ƙofar Kibo, na nufi gidan Gwaggo Dije, ƙanwar babana, don can nake kai ƙarar duniya in ta dame ni.

A Limancin Kona take aure, gidan Alhaji Mamman, tsohon babban akawu da ya yi ritaya. Tsakanin zaure da shigifa akwai wata tsohuwar rumfar gwangwala inda mahaifinsa ya yi ta ba da karatu, soso ya haye ta ya lulluɓe. Ina wucewa ta ƙarƙashinta sai na ji gari ya zubo mini a hula. Na ɗaga kai. Wallahi sai da na riƙe dirka. Mai farin kwiɓi, wanda muka ƙona man gwamnati muna nema har dazuzzukan kudu, ga shi yana leƙo ni daga rami a gidan da nake cin tuwo tun ina yaro.

Na faɗa cikin gida ina haki. Gwaggo tana zaune da tsofaffin ƙawayenta suna aikin babbar riga, sana'ar matan birni ke nan a lokacin. Na ce, "Gwaggo, kin san abin da ke cikin rumfar nan?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wanne, Isiya? Mai farar ɗamara? Ai da hantsi yake shigowa kan sosona. Zauna ka sha ruwa, kamar wanda aka koro."

Nan dabara ta faɗo mini. Kafinta a cikin gidaje yake, ni kuwa namiji ne, gidan Gwaggo kaɗai zan iya wuce shigifa. Amma a kowane gida akwai mata zaune a inuwa da allura, suna fuskantar soso da zogale tun hantsi har la'asar, kuma idon da ke raba zare ruwan ɗorawa da ruwan ƙwai ba ƙwaro ne zai ruɗa shi ba. Ashe ba mota muke bukata ba, gwangwani ne. Muka tsara da Gwaggo: kowane gida gwangwanin madara ɗaya. In baƙi ya sauka a fure, a jefa ƙwallon tsamiya. Mai rawayar kafaɗa, gyaɗa. Mai farar ɗamara, farin wake. Rawaya gaba ɗaya, masara. Ba kamu, ba kisa, kallo kawai. Iya Abu dillaliya, wadda ba gidan da ba ta shiga da ƙullin atamfofinta, ita ta zama motarmu. Ran Juma'a ta tattaro, kowane gwangwani da ƙyallen da aka ɗaura masa don a san gidansu, ni kuma in zazzage a faifai in ƙirga.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Wani gida kaza ta cinye rahoton mako guda. Wani gida aka yi baƙi aka soya gyaɗar. Wata sabuwar amarya a Ƙofar Kibo ta ji kunyar aiko da gwangwani ba nauyi, ta cika shi da farin wake har baki, na yini ina rawar ƙafa kafin Iya Abu ta tausaya mini ta gaya mini gaskiya. Sai da na aika gida-gida cewa gwangwanin da ba komai shi ma labari ne, ba rowa ba ce. Ranar da na juye faifan a teburin Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya jawo kujera muka ƙirga tare. Kafin damina ta yi nisa abu ɗaya ya fito fili: farin wake ba ya zuwa sai daga gidan Gwaggo da maƙwabtanta na jikin katanga. Duk mai farar ɗamarar da ya rage a birni, a rumfar nan yake kwana. Abin da ya fi faranta mini rai kuwa, gidajen da ke da gwangwani sun daina ɗura kananzir, don ba mai kashe abin da take jira ya zo ta jefa masa tsaba.

Daga suna rigimar ta taso. Matan sun raɗa wa rawayan nan Amarya saboda kwalliyarsa, baƙin kuma Ango. Wata Juma'a ina ƙirga a tsakar gidan Gwaggo, ƙawayenta na ɗinki, Iya Abu ta leƙa faifai ta ce Amarya ta yi yawa bana. Na ce, "Iya, ai Amaryar nan namiji ne."

Allurai suka tsaya.

Na ce baƙaƙen nan uku duk mata ne: su ke haƙa rami, su ke ɗebo abinci, su ke da ƙarin harbi. Rawayan shi ne namiji. Ba ya haƙa, ba ya ɗebowa, ƙari kuwa ba shi da shi ko na magani. Aikinsa ya tsaya a ƙofar rami ko kan reshe yana ƙugi, duk wanda ya zo wucewa ya taso masa kamar zai cinye shi ɗanye. Don su yarda, na kai hannu kan soso na damƙo ɗaya, ya yi ta gurnani a tafina, na buɗe ya tashi.

Gwaggo ta ajiye ɗinki a hankali. Ta ce, "Tsaya, Isiya. Ya sa rawayar riga?"

Na ce, "E."

"Ya zauna a ƙofar gida?"

"E, Gwaggo."

"Yana ta faɗa da masu wucewa, kuma ba ya harbi?"

Na ce haka ne. Ta dubi Iya Abu. Iya Abu ta dubi rigar da ke kan cinyar Gwaggo, shadda ruwan ɗorawa da take yi wa mijinta aiki, launin da shi ba ya sa wani in ba shi ba. Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Iya Abu ta kife a kan ƙullinta tana roƙon a ba ta ruwa. Kafin wata Juma'ar, daga Limancin Kona har Ƙofar Kibo ba sauran Amarya. Sunan ƙwaro ya koma Alhaji.

Shi kuwa Alhaji Mamman mutumin kirki ne, da gaske nake faɗa, shi ya tsaya mini har na sami aikin nan. Amma ya baro ofis bai baro muryar ofis ba. Kullum yana kan kujerarsa a ƙofar zaure: mai tallan da ya ɗaga murya a yi masa barazanar kwiri, takardar tuhumar nan ta ofis, akuyar da ta leƙo a ba ta gargaɗin ƙarshe. Ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga wa ko kyanwa hannu. Wata rana ya shigo ɗaukar buta, yana cikin shigifa sai ya jiyo Iya Abu tana tambaya, "Hajiya, wai da gaske Alhajin naku ba ya harbi? Namu jiya har bakin rijiya ya biyo ni."

Gwaggo ta ce, "Ina fa! Ƙugi ne kawai. Daga rawayar riga sai baki. Ki damƙe shi da hannu ma, ba abin da zai iya yi miki."

Aka aiko in zo maza. Na same shi a zaure, hula ta koma ƙeya. Ya riga ya binciko cewa ƙwaro ake nufi, kuma wannan bai rage komai ba.

Ya ce, "Isiyaku, ni ne buzuzu?"

"Baba, ai ba buzuzu ba ne, dangin ƙudan..."

"Kai, rufe mini baki da lacca! Shekara da shekaru ina riƙe da fayil ɗin lardi guda, yau a gidana an mai da ni abin jefa wa masara. To za a ga ko ina harbi. Rumfar nan jibi za a sauke ta a buga kwano. Gwangwalar kuma Hajiya ta dafa mini tuwo da ita, da hannunta. Na ba da oda. Fainal!"

Tsakiyar damina ce, kowane rami cike da 'ya'yan da ba su yi fiffike ba. In gwangwalar ta shiga murhu, mai farar ɗamara ta ƙare a birni ke nan, a kan idona. Na durƙusa na roƙa a bari sai kaka, in sun fita. Na ce a ba ni gwangwalar in kawo masa itace amalanke guda. Ya ce ba itace ya rasa ba. Gwaggo ta fito ba shi haƙuri, ta fara da kyau, tana cikin bayarwa idonta ya sauka kan rigarsa, dariya ta kubce mata. Aka koma gidan jiya.

Ranar da aka sa, da hantsi, kafintoci suka iso, na 'yan Adam nake nufi, da tsani da guduma da bandir ɗin kwano. Shugabansu wani ƙato ne da ake kira Sani Guduma. Maƙwabta maza suka cika filin rumfar, don an ji Alhaji zai yi gyara, kuma a birni ba a gyara ba 'yan ba da shawara. Ni ina gefe da ragata, na ce ko 'yan iyayen na tsira da su. Alhaji ya fito cikin sabuwar shaddar nan ruwan ɗorawa, wai don a san suna bai razana shi ba. A ƙofar shigifa kuwa asabari sai motsi yake, alhali ba iska.

Hantsi lokacin mazan ƙwarin ne. Sani ya jingina tsani, ya taka, ya cusa hannu cikin soso, sai rawayen suka taso. Ku da ba ku taɓa gani ba, yakan zo ya tsaya cak a iska daidai hancinka, yana kallonka ido cikin ido yana ƙugi, ka kauce ya biyo ka. Ɗaya ya ishi mutum, balle sun yi gayya. Sani ya saki guduma ya diro a kan kwanon, ƙarar ta watsa sauran. Wani dattijo da ya zo ba da shawara ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Ladanin unguwa ya shige bayan randa yana salati. Kowa na rububin ƙofar zaure, ana ihu, "Buzuzu! Ku kauce, ya fi kunama!"

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Wani rawaya ya zo ya tsaya a gaban hancin Alhaji, riga iri ɗaya, murya iri ɗaya, suna kallon juna. Na ga lokacin da maganar da ya jiyo a shigifa ta dawo masa, don duk mazan da ke wurin, in ka cire ni, shi kaɗai ya san sirrin, kuma ta hanyar tsiya aka ba shi. Ya saci kallona. Na ɗan gyaɗa kai. Ya yi bisimilla, ya kai hannu, caraf!

Wuri ya yi tsit, sai gurnanin ƙwaro a cikin tafinsa. Ya ɗaga hannun sama, ya juya a hankali yadda na cikin zaure ma za su gani, ya ce da muryar ofis, "Wannan ne ya kore ku? Maza da gemu?" Ya buɗe hannu ya hure shi, ya nuna tafin. Ba kumburi, ba komai.

Sani Guduma ya dawo yana sunkuyawa. "Alhaji, ashe a shirye kake! Don Allah a taimaka mana da laƙanin, mu kullum a cikinsu muke neman abinci." Ladan ya fito daga bayan randa yana kakkaɓe riga, ya ce shi dama ya daɗe da sanin gidan nan ba haka nan yake ba, tun zamanin marigayi Malam, mahaifin Alhaji. A bayan asabari na ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya. Iya Abu ce ta cusa gyale a baki.

Alhaji ya gyara wuyan riga, ya dubi rumfa, ya dubi jama'a. Ya ce, "Na sake duba fayil ɗin. Rumfar mahaifina ce, kuma waɗannan bayin Allah a ƙarƙashin kulawata suke. An dakatar da aiki. A kai kwanon a rufe ɗakin awaki."

Don murna na zauna daɓas a kan ragata har sandar ta karye. Da aka watse ya ja ni gefe ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Su wa suka san ba ya harbi?"

"Matan birni kaf, Baba."

"Maza fa?"

"Ni da kai. Sai mutanen ofishinmu, su kuwa ba mai tambayarsu."

"To, a bar shi haka."

Aka bar shi haka. Mata suka riƙe maganar nan shekara da shekaru, ba wadda ta gaya wa mijinta, don sun ce kallon da suke sha ya fi faɗar daɗi.

Sai dai riƙon suna akwai wuya. Aka fara kawo baƙi kallon Alhaji mai kama buzuzu da hannu. Wata ranar sallah, a gaban surukansa, ya hango rawaya a kan fure ya kai hannu da isa. Mai rawayar kafaɗa ce. Ina wurin. Fuskarsa ba ta canza ba, idanun ne kawai suka kawo ruwa. Ya sake ta, ya zura hannun cikin aljihun babbar riga, ya ce wa baƙi hayaƙin girki ke damunsa, ya shige gida da saurin da ban taɓa gani a wurinsa ba. Gwaggo ta ce mini hannun sai da ya kumbura suntum, tana gasa masa tana cewa, "Ai matar gida ka taɓa, Alhaji."

Washegari ya aiko in zo da akwatin gilashi. Haka na sami ɗalibin da ya fi kowa naci a duk aikina. Wasu don jarrabawa suke koyon bambance su, wasu don albashi, shi don hannunsa yake koyo. Ya koyi duba gindi kafin kafaɗa. Ya koyi cewa mace wucewa take kai tsaye zuwa aikinta, namiji ne ke shawagi wuri ɗaya yana neman rigima. Ya kafa dokar hana ɗura kananzir a unguwa, da muryar da kowa ya sani, kuma yanzu ba mai musu da shi. Ya sa aka riƙa jingina tsofaffin gwangwala a inuwar gidajen maƙwabta don sababbin iyaye su sami wurin haƙa. Ya karɓi nasa gwangwanin ya ajiye a gindin kujera, in Iya Abu ta zo karɓa su gaisa a mutunce ba mai kallon idon wani. Shi ya fara ce mini rawayen ba ɗaya ba ne, akwai mai ɗan duhu da ba ya nisa da ramukan mai farar ɗamara. Muka duba da Dakta, ashe mijinta ne. Bayan 'yan damuna farin wake ya fara zuwa daga gidajen da ban taɓa samunsa ba, har Ƙofar Kibo, kuma wannan karon ba na kunya ba ne.

Da damina ya rasu, ana gab da shiga sabon ƙarni. A ƙarƙashin rumfar muka yi zaman makoki, an shigar da kujerarsa cikin gida, ƙofar zaure ta yi shiru irin wanda ban so ba. Ran sadakar uku na shiga gaida Gwaggo. Tana cikin takaba, ta faɗa, ba ta ce wa kowa komai sai amin. Muna zaune sai wani rawaya ya shigo tsakar gida, ya tsaya cak a ƙofar ɗakinta yana ƙugi, ya tare wata baƙuwa da ta zo gaisuwa daga nesa. Matar ta tsorata, ta cire takalmi za ta make shi. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Bar shi, 'yar nan. Ba ya harbi. Bai taɓa harbin kowa ba."

Ta jawo gwangwanin marigayi daga gindin kujerar, ta jefa ƙwayar masara guda. Ni dai tashi na yi na fita, don ban iya kuka a gaban mata ba.